Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: wa zai yi wa mashayin wiwi magana?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya jama'a? Zan taƙaita gaisuwa, don abin da ya kawo ni ya fi ta nauyi.

Ni mai kemis ne a wata unguwa cikin Kano. Da wuya mako ya wuce wata uwa ba ta zo mini bayan magariba ba. Takan tsaya gefe har masu sayen farasitamol su watse, sannan ta matso ta rage murya ta ce in taimaka mata da maganin barci, yaronta kwana uku bai runtsa ba, yana ta surutu shi kaɗai, wai maƙwabta na gulmarsa ta jikin bango. In na tambaya ko yana shan wani abu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ganyen nan ne kawai." Ba na ba ta maganin, don ba hurumina ba ne. Nakan ce ta kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu ba sa zuwa. Ruƙiyya ake fara yi, in ta ƙi ci a wuce gidan mari, sai yaro ya fara tuɓe riga a titi ake tunawa da likita.

Ka fi ni sanin alƙaluman. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha wani abin maye cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Kano kaɗai an ƙiyasta mata mutum sama da miliyan ɗaya masu shaye-shaye. Wannan binciken dai ya ce masu yi wa kansu allurar maye kusan 80,000 ne. Su waɗannan, ma'aikatar da kake jagoranta ta yarda a rage musu illa tun kafin su daina, har aka fara gwajin raba musu sababbin sirinji a 2020 a jihohin Gombe da Abiya da Oyo, don kada su kwashi ƙanjamau da ciwon hanta. Daidai ne, na yaba. To mutum miliyan goma da ɗoriya masu zuƙar wiwi fa? Su an bar wa 'yan sanda da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Hisba da masu mari. Ni dai kunnena bai taɓa jin sanarwa ɗaya ta Ma'aikatar Lafiya a rediyo da Hausa ba, wadda ta dubi mai shan wiwi a matsayin mutumin da lafiyarsa ke da daraja.

Abin da muke ji shi ne an ƙone tan kaza a dajin Ondo, an kama tirela daga Edo, an jera samari a gaban kyamara da ƙullin ganye a hannu. Madalla, aiki ya yi kyau. Sai dai a bayan layinmu farashin naɗi bai motsa ba, kuma yaron da aka nuna a labaran dare ya dawo kangon da aka kama shi, yanzu ma da sababbin abokai da ya samo a tsare.

Kada a juya mini magana. Ban ce a halatta wiwi ba, ban ce ba ta da illa ba. Ina ganin illarta kullum a ƙofar shagona, kuma wanda bai fara ba kada Allah ya sa ya fara. Maganata a kan wanda ya riga ya faɗa ce, wanda aka yi wa wa'azi da duka da kamu bai daina ba, kuma ba gobe zai daina ba. Tsakanin yau da ranar da Allah zai shirye shi, akwai abubuwan da in ya sani zai iya kai wa wannan rana da hankalinsa da huhunsa. Likitoci sun san su. A Kanada an tattara su aka fitar wa jama'a tun 2011, aka sabunta a 2017, a lokacin da shan wiwi don nishaɗi yake laifi a dokarsu. Ba su jira dokar ta sauya ba.

Wa ya taɓa gaya wa yaran unguwarmu cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara zuƙa kafin ya kai 16 shi ya fi kowa shiga haɗari? A cikin masu sha gaba ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin goma ke zama bawanta, amma a waɗanda suka fara da ƙuruciya abin ya kai ɗaya cikin shida. Wa ya gaya musu mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, in kuma mai ƙarfin nan ce irin Laud, ninkin ya doshi biyar? Wannan yana nufin saukowa daga kullum zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ba ƙaramin abu ba ne, ko da mutum bai daina ba. Kuma duk gidan da aka taɓa samun mai ciwon hauka a dangi, ɗan gidan bai kamata ya kusance ta ba ko da wasa, haka mai juna biyu da mai shayarwa. Mu da muke binciken dangi kafin aure, wannan magana ba za ta yi mana wuyar fahimta ba.

Sai abin da ya fi tayar mini da hankali, wato haɗe-haɗe. Wiwin da kakanninmu suka sani ba ita ce ke yawo yanzu ba. Kolorado, da yara ke kira Kolos, sinadari ne da ake haɗawa a fesa a jikin ganye, mai saye bai san ƙarfin abin da ya naɗa ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Yakan jawo farfaɗiya, ya taɓa ƙoda, ya kashe. Irin wannan haɗin ne, wanda suke kira kush, ya sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a Saliyo a watan Afrilun 2024. A nan gida kuma ana cakuɗa ganye da zaƙami, a kora da tiramol ko kodin ko ƙwayar barci ta roci. Sannan a zuba taba sigari a cikin naɗin, mutum ya kwashi jarabar nikotin a kan wadda yake da ita. Ga riƙe hayaƙi a ƙirji da suke yi, har ido ya yi ja, wai don caji ya fi shiga, alhali abin da ke bugarwa yana shiga jini cikin daƙiƙoƙin farko, sauran riƙon kwalta kawai yake tara wa huhu. Ga zagaya naɗi ɗaya baki biyar a ɗakin da ba taga, a ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu tarin fuka. Ga ɗan adaidaita sahu da zai zuƙa da asuba ya ɗebi 'yan makaranta, ba wanda ya taɓa ce masa ya bari aƙalla awa shida ta wuce kafin ya taɓa kan mashin.

Wanne ne a cikin waɗannan sirrin gwamnati, ranka ya daɗe?

Na san abin da za a ce: koya wa yara shan wiwi ne, malamai ba za su yarda ba. Sai na tuna kai ne mutumin da ya riƙe hukumar lafiya matakin farko daga 2008 zuwa 2011, lokacin da a arewa mai rigakafin shan inna yake shan jifa a ƙofar gida. Ba ka ce jama'a ba za su yarda ba. Ka bi ta kan Sarkin Musulmi da sarakuna da masu unguwanni, aka yi ta magana da Hausa gida-gida, har aka wayi gari a watan Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar. Wanda ya shawo kan wancan taurin kai ba zai ce mini yana tsoron zama da malamai a kan wiwi ba. Kuma malaman sun fi mu sanin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Sun san ba rana ɗaya aka haramta giya ba, sai da aka fara da hana kusantar salla cikin maye. Sun san sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekararsa ashirin da biyu, tela ne mai hannu, har kaftani yake ɗinka mini. Bara ya yanke shawarar dainawa da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Kwana na uku barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita kansa, ga zufa da dare, ga faɗa da kowa a gida. Uwarsa ta ɗauka haukan ne ya zo. Aka kai shi wani gidan mari a wajen gari, ya yi wata biyu, ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, ranar da ya dawo kuma ya koma ganye. Da akwai wanda ya gaya wa yayata cewa wannan rashin barci da fushin alamar jiki ne yana neman abin da ya saba, a makon farko yake tsanani, kuma yawanci cikin mako biyu yake lafawa, da ta yi haƙuri ta zauna da shi. Ni kaina a lokacin ban sani ba, kuma magani nake sayarwa. Kunyar wannan har yau ba ta sake ni ba.

Don Allah, Farfesa. A ƙarshen 2023 kun yi alƙawarin ƙara cibiyoyin lafiya matakin farko da ke samun tallafi daga wajen 8,800 zuwa sama da 17,000, da sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. A cikin horon nan a ware ko da yini ɗaya a koya musu yadda za su tambayi matashi abin da yake sha ba tare da sun ce masa ɗan iska ba, da yadda za su gane farkon taɓin hankali su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa da wuri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 tana nan, har yanzu muna jiran mu gan ta a ƙasa. Gidajen marin da aka fasa a Rigasa da Daura a 2019 ma ba su ne na ƙarshe ba. Batun ɗaurin shekara 15 zuwa 25 da dokar NDLEA ta tanada, wanda ke sa uwa ta ji tsoron faɗa wa likita gaskiya, na san ba a teburinka kaɗai yake ba.

Wanda yake teburinka shi nake roƙo. Takarda shafi ɗaya da tambarin ma'aikata, da Hausar da mai faci zai gane, boko da ajami, a kuma karanta ta a gidajen rediyo bayan labaran yamma. A raba wa asibitocin unguwa da masu kemis da tashoshin mota. Tawa zan manna ta a jikin kanta, daidai inda iyayen nan mata suke tsayawa bayan magariba.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kemis daga Kano