Wanda ya hango hadari a ba shi ikon tsayar da aiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon helma ne. Na fi shekara 20 ina tsaye a kan leburori a ayyukan hanya da kwalbati tsakanin Marwa, Mora da Kusiri a arewacin Kamaru, har gwiwa ta zaunar da ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sa'ad da babban aiki ya lalace sai ka ji manya suna cewa ba a zata ba. Ni kuwa a iya zamana ban taɓa ganin asarar da babu wanda ya hango ta ba. Kullum akwai wanda ya gani, sai dai ba shi da bakin magana.

Wata shekara muna gina kwalbati a kan wani mayo. Wanda bai san ƙasarmu ba, mayo rafi ne da ke bushewa ƙurmus da rani, yashi zalla, yara har ƙwallo suke bugawa a ciki. Amma in an yi ruwa a duwatsun Mandara, ko da nan sama tas take, sai ya iso da dare kamar an buɗe masa ƙofa. Yuni ya kama, wani dattijo mai lambun albasa a bakin mayon ya same ni ya ce, "Ɗana, ku kwashe kayanku daga yashin nan, iskar da nake ji ba ta rani ba ce." Na kai wa injiniya maganar. Ya ce ya ji, amma takarda ta ce a gama zuba kankare kafin ƙarshen wata, in ba haka ba kamfani ba zai karɓi kaso na gaba ba. Ban cika ganin laifinsa ba, shi ma yaron wani ne. Kwana huɗu tsakani ruwa ya zo. Katako, rodi, siminti, duk ya tafi da su, injin kwaɓa kankare ma a kife muka tarar da shi. Allah ya taƙaita abin da dare ne, mai gadi kaɗai ke wurin, shi ma dogonyaro ya hau. Wata biyu muka yi ba albashi.

A manyan ayyuka ma salon ɗaya ne, kuɗin ne kawai suka fi yawa. Hanyar Mora zuwa Kusiri ta ratsa ƙasar laka da Fulani ke kira karal, inda ake noman masakwa. Da rani ta tsage, da damina ta kumbura, kwaltar da ba ta samu kyakkyawan gindi ba ba ta daɗewa a kanta. Kowane manomi ya san wannan. Ga kuma tsaro. A watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka kwashe ma'aikata goma 'yan ƙasar Sin a Waza, sai Oktoba aka sako su, aikin hanyar ya tsaya shekaru. Direbobin da ke bi ta nan sun riga kowa jin ƙanshin abin.

Madatsar Lagdo kuwa, da ke kan kogin Binuwai a nan Kamaru, an gama ta a 1982. Tun a lokacin ake maganar Najeriya za ta gina tata a Dasin Hausa don tare ruwan da za a saki. Ba a gina ba. Da aka buɗe ƙofofi a daminar 2012, mutanen bakin Binuwai tun daga Garwa har cikin Najeriya su suka biya. A shekarar ne kuma ruwa ya ci ƙarfin gaɓar kogin Logon da ta tafkin Maga, sai a 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 don gyara. Kuɗin gyara ba sa ɓata, na rigakafi ne kullum ake cewa babu.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a kafa turke a zauna da masu lambu da direbobi da masu unguwa, a tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa, a rubuta. A ware wani kaso na kuɗin aiki wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Wanda ya fi damuna dai shi ne na uku: a rubuta cikin kwangila cewa injiniyan da ke wurin, ko helma ma, yana da ikon tsayar da aiki in ya ga hatsari, ba tare da an ci kamfani tara ko an kore shi ba. Da injiniyanmu yana da wannan takarda a aljihu, da a ranar muka kwashe kaya.

Roƙona gare ku, Malam Edita: in wakilinku ya je wurin aza harsashin wani babban aiki, bayan ya ɗauki hoton manya da cebur, ya tambaye su wa ke da ikon cewa a dakata, kuma ya nemi ganin mutumin da idonsa.

Mai karatunku,
wani tsohon helma,
Domayo, Marwa, Kamaru