Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan shirin haihuwa

Manchester, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, ke na zaɓa na rubuta wa don bakina ba zai iya furta wannan magana a gaban Umma ba. Ina da juna biyu, wata shida ke nan, kuma likita ta ce watan Janairu ne in Allah Ya kai mu. Ki san yadda za ki sanar da ita.

Abin da ya fi damuna kuɗin da nake turowa duk wata ne. Daga Disamba zai ragu, kuma ba na so Umma ta ga ragin ta ɗauka wani abu ne ya faru. Kin san aikina na kula da tsofaffi ne. In na tafi hutun haihuwa, mako 6 na farko za a biya ni kashi 90 cikin 100 na albashina, sannan mako 33 a koma ba ni abin da bai kai fam 200 a mako ba. A naira za ki ce kuɗi ne, amma haya kaɗai ta lashe shi. Shi kuma maigidana hutun mako 2 kacal za a ba shi. Akwai tallafin yara da gwamnati ke bai wa iyaye, sai dai bizarmu ta haramta mana karɓa.

Awo da haihuwa ba za mu biya ko sisi ba, har magani da ganin likitan haƙori kyauta ne gare ni zuwa shekara guda bayan na sauka. Wajen kaya ne aljihu ke kuka. Doka ta ce jariri sai da kujerarsa ta mota, kuma ita ce kaɗai na ƙi sayen ta hannu, don ba ka san ko ta taɓa haɗari ba. Keken turawa da gado a Facebook na samo su gwanjo, wata mata ta haɗa mini har da buhun riguna, wasu ko lambar kanti ba a cire ba. Famfas nake tarawa kaɗan-kaɗan duk sati. Ga gas na ɗumama ɗaki, tunda tsakiyar hunturu baƙon zai zo. Ga rajistar haihuwa cikin kwana 42, ga fasfo sai mun je Landan, ga bizarsa, domin haihuwa a nan ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. Kwasata ta adashe ta Nuwamba na ware wa takardun nan.

Maganar suna, nan ba a yanka a gida. Zan turo kuɗin rago tun yanzu, maigidanki ya saya kafin ya ƙara tsada, a kiwata shi a bayan gida. A yanka, a yi addu'a, a raba wa maƙwabta. Don Allah ban da anko da hayar rumfa, in an tambaya ki ce ni na ce.

Na so a ce a ɗakin Umma zan yi wanka, ko ita ta zo, amma da muka lissafa tikiti sai muka yi shiru. Wata baiwar Allah 'yar Zariya ta ce za ta riƙa leƙo ni har arba'in.

In an sami mai zuwa, ki aiko mini da gero, kanwa, tsamiya da yajin jego. Ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Kuɗin maganin Baba ba zan taɓa shi ba. Na makarantar auta ne nake so ku ɗan riƙe mini zango biyu, ke da Yaya Babba. Ki ji ta bakinsa, sai ki kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki