Godiya ga ma'aikatan sashen agajin gaggawa da suka kula da numfashin mahaifinmu

Assalamu alaikum.

A madadin iyalanmu nake rubuto wannan godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka karɓi mahaifinmu da tsakar dare, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, numfashi sama-sama, ko sunana ba ya iya kira.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne tef ɗin awo. Ana gama zura masa bututu a maƙogwaro, sai na ga wata nas ta zaro tef daga aljihu ta auna shi tun daga tsakar kai har diddige. Gabana ya yanke ya faɗi, don a sanina abu ɗaya ke sa a auna tsawon mutum yana kwance. Likitan ya ga yadda fuskata ta sauya, ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Girman huhu tsawon mutum yake bi, ba ƙibarsa ba." Baba gajere ne mai jiki. Da nauyinsa aka bi wajen saita na'urar taimaka wa numfashi, da ta riƙa ɗura masa iska fiye da kima, ƙananan jakunkunan huhu su kumbura har su ji rauni, ruwa ya taru a ciki, na'urar da aka kawo don ceto ta zama ita ke ƙara ciwon.

Ya ce a kowane numfashi mililita 6 na iska suke ba shi a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsa, suna kuma sa ido kada matsin iskar ya haura 30 a ma'aunin na'urar. Daga baya na karanta cewa wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2000, ya gwada mililita 6 da 12 a kan majinyata 861, kuma mace-mace sun sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari a masu samun mililita 12 zuwa 31 a masu samun 6.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku ce a jira sai an kai shi ɗakin kulawa ta musamman ba. Tun a wajenku kuka fara kare huhunsa, awannin farkon nan da hankalin kowa ke tashe. Kun ɗaga kan gadonsa don kada abin da ke cikinsa ya gangaro huhu, kuna zuƙe masa majina, kuna goge masa baki, ƙananan abubuwan da ke hana wani sabon ciwon huhu shiga.

Ran kwana na shida aka cire bututun. Muryarsa a dishe, ruwa ya fara nema.

Likita, Sista mai tef, da ku masu aikin dare da ban san sunayenku ba, mun gode. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyayenku.

Taku,
'yar majinyacin, a madadin 'yan'uwanta