Wasiƙa daga Gombe: ruwan Gongola da gonar gado

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya zaman Fatakwal? Saƙonka ya iso. Ka ce ƙaninka yana ta kukan ruwa ya ragu, har kana tunanin ko a sayar da gonar tudu ta wajen Deba, a bar ta fadama kawai. Ina roƙonka kada ka yi gaggawa. Kukansa na kan hanya, sai dai ba a nan ciwon yake ba.

Idan aka tara ruwan shekara guda a nan, ba za a ce ya yi ƙasa irin na farin 1973 ko na 1984 da iyayenmu ke ba da labari ba. Daga shekarun 1990 ruwan ya farfaɗo, amma ya dawo da wani hali. Markar Agusta, wadda ke kwana tana yayyafi ƙasa na sha a hankali, ta yi wuya. Yanzu sai hadari ya zubar da ruwan mako biyu cikin sa'a guda, sannan sama ta yi tas har kwana goma sha biyar. Dalilin a fili yake: duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, iska na iya riƙe tururin ruwa da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Tana tsotse danshin gona da sauri, in ta tashi saki kuma ta sake shi gaba ɗaya. Dubi 2024: a Agusta ana sallar roƙon ruwa a wurare da dama na Arewa saboda yabanya na ƙonewa, a Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. Damina ɗaya ce fa.

Bari in yi maka lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta guda lita 10,000 ce, wato duro 50. In aka yi milimita 60 a dare ɗaya, duro 3,000 ke nan suka sauka a gonarku. Ƙasar da ta sha rana ta yi ɓawo, babu kara babu ciyawa a kanta, kaɗan za ta sha. Sauran ya kwashi taki da ƙasar sama ya bi kwari, ya faɗa rafi, ya tafi Gongola. Shi ya sa kwazazzabai ke cin unguwanni a cikin garin Gombe, shi ya sa kuma manomi ke ganin an yi ruwa jiya amma masararsa ta naɗe ganye jibi.

Kogin kansa ya nuna alama. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya karya kwana wajen Nafada, ya gangaro Dadin Kowa da Kiri kafin ya haɗu da Binuwai a Numan. Duk ƙasar da aka wanke daga gonakin sama, tafkin Dadin Kowa ne ke karɓar ta, tana kwanciya a gindinsa tana rage masa ciki. In ruwa ya taho da yawa lokaci guda dole a buɗe ƙofofi, masu shinkafa a ƙasan madatsar su kwana cikin fargaba. Da rani kuma ƙananan rafuka na ƙafewa da wuri, domin ruwan da ya kamata ya nutse ya ciyar da su a hankali ya riga ya wuce tun Agusta. To ka ga ita ma fadamar da kake son dogara da ita ba ta tsira ba.

Ga abin da nake so ka gaya wa ƙanin naka, kuma a kansa kuɗin da za ka aiko ya kamata su tafi.

Ruwan farko na Mayu mayaudari ne, kada ya bi shi da iri. Ya jira a samu kamar milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu ko uku. In ba shi da ma'auni, ya tona rami: danshi ya kai tsawon tafin hannu har wuyan hannu. Wanda ya yi shuka kan ruwa guda, irin zai tsiro, rana ta kashe shi, ya sake sayen wani a lokacin da ya fi tsada. Ya riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo, suna faɗin lokacin faɗuwar damina da inda ake sa ran ɗaukewar ruwa a tsakiya.

Sai iri. Masara ta fi jin fari a makonnin da take fitar da tuntu da gemu. Kwana goma babu ruwa a wannan gaɓar, sai ka ɓare goyo ka tarar rabinsa wayam, ko da an yi ruwa bayan nan. Don haka ya nemi masara mai kwana 90 zuwa 95 cikin irin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, daga dillalin da aka sani, kada ya auni tsabar kasuwa. Kada kuma ya ba masara gonar duka. Wajen da ya fi yashi a sa gero irin SOSAT da wake, domin su kan jure abin da masara ba ta jurewa.

Babban aikin, wanda mutane ke rainawa don ba a saye shi a shago ba, shi ne tsare ruwa inda ya sauka. A yi huɗa a gicciye da gangare, kada kunya ta bi hanyar ruwa. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, sannan kowane taku biyu zuwa uku a ɗaure kwarin da ɗan tudun ƙasa, ya zama gonar ta kasu ƙananan kwamaye. Tudun nan kada ya kai tsayin kunyar, rabinta ko sama kaɗan ya isa. In ya kai ta, ruwa mai yawa zai fasa kunyar ta gefe, ya yi ta fasa na ƙasa da ita har ya buɗe kwari a tsakiyar gona. A baƙar laka mai tsagewa da rani kuwa, in ruwa ya kwanta fiye da kwana biyu sai a fasa ɗaurin, in ba haka ba saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya. A bakin gona ta ƙasa a dasa gamba ko jema layi guda. Karan bara a bar wani a kwance, kada a ƙone, kuma duk gawon da ya tsiro da kansa a bar shi.

Taki ma yana da nasa. Yuriya da aka watsa a saman ƙasa ba a rufe ta ba iska ce ke shan ta, wadda aka watsa gab da babban hadari kuma Gongola ce ke sha. A binne ta a gefen shuka, nisan yatsu huɗu, lokacin da ƙasa ke da danshi, kuma a raba ta kashi biyu. Takin shanu a ramin shuka ya fi komai riƙe laima. In ruwa ya ɗauke ya riƙa duba cikin kunnen masara da sassafe, domin tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo ƙasar a 2016 ta fi ɓarna a irin wannan lokaci.

Ta fadama kuwa, wajen da ruwa ke kwanciya a sa shinkafa FARO 66 ko 67, suna jure nutsewa na kwanaki. In zai yi alkama da rani, ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta cika ido kafin zafin Maris.

Ka ce masa ya aiko mini da faɗin gonar da kuma gefen da ruwa ke fita, in tsara masa yadda huɗar za ta kwanta kafin bazara ta ƙare. Ka gaida uwargida da yara. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naka amini,
daga Gombe.