Tsakanin shinge da haƙori

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har ta ajiye sanda. Ta ce in faɗa maka saƙo ya iso. Ni dai ban taɓa komai a ciki ba, ka san dalili.

Abin da ya sa na ɗauki biro ban kira ka a waya ba, na san halinka, na kuma san nawa. Ba za mu yi minti biyu ba murya za ta tashi, ka ce "to, Baba" ka kashe. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa.

Shekaranjiya ƙanwarka ta shigo da murnarta ta miƙo min waya, wai in ga teburin da yayanta ya haɗa da hannunsa. Na gani. Ka juya rauta, injin nan na sassaƙa katako, ka ɗaure ta a ƙarƙashin tebur, haƙorinta mai yanka ya leƙo sama, ka yi shinge na katako a bayansa. Aikin ya yi tsaf, ba zan ɓoye maka ba, ƙafafun ma ka yi musu ƙira mai kyau. Har na fara murmushi. Sai ga ka ka ɗauko wani siririn katako, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, ka ja shinge baya, ka zura katakon ta tsakanin shingen da haƙori, kana turawa da tafin hannunka, kana hira da mai ɗaukar hoton. Gabana ya yanke ya faɗi. Sau huɗu na sa ta maimaita min wurin, har ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce mata lafiya ƙalau. A daren nan yadda na ga rana haka na ga dare.

Ka natsu ka ji. Rauta idan tana hannunka, haƙorinta yana bin juyin agogo ne. Da zarar ka kifa ta a ƙarƙashin tebur, lissafi ya juya, yanzu in ka duba daga sama yana saɓa wa agogo. Wato gefen haƙorin da ke wajenka yana tafiya daga hagu zuwa dama, gefen da ke wajen shinge kuma yana tafiya daga dama zuwa hagu. Shi ya sa ake tura katako daga dama zuwa hagu, ta gaban haƙori, don ya riƙa cin karo da shi, kai kana turawa shi yana turjewa yana kuma danna maka katakon a jikin shinge. A nan ragama tana hannunka. Amma in ka bi ta bayansa, ta wannan lungun da na ga ka bi, haƙori da katako sun zama tafiyarsu ɗaya. Ba yanka zai yi ba, cafka zai yi, ya fizge katakon ya harba shi kamar kibiya. Katakon ba shi ne damuwata ba, ya je can ya fasa taga. Damuwata hannun da ke turawa. Ƙarfin da ka sa a bayan katakon yana nan, katakon ne ya ɓace daga ƙarƙashinsa, to ina hannu zai nufa? Inda yake turawa, wato kan haƙori. Ƙaramin haƙori yana juyi 24,000 a minti ɗaya, 400 ke nan a daƙiƙa, kuma yawancinsu baki biyu ne da su, sara 800 kafin ka ce wayyo.

Za ka ce ai ka yi ka ƙare lafiya, ga bidiyo ma shaida. Ni ma na yi na ƙare lafiya, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Tun kuna yara kuke tambayata yatsun nan biyu na hannun dama, ina ce muku zarto ne. Ba zarto ba ne. Yau zan faɗa maka, don ko mahaifiyarka ba ta san yadda aka yi ba. Kana da wata bakwai a duniya lokacin. An ba ni aikin ƙofofin kabad, mai aikin ya zo sau biyu yana zagina a gaban yarana, saura sandunan gefe guda shida su fita, duk sun ɗara awo da ɗan kaɗan. Maimakon in kai su ga zarto, na ce bari in rage su a rauta, abin minti biyar. Na ja shinge baya kamar yadda ka yi. Huɗu suka wuce sumul. Na biyar yana da ƙulli a tsakiya, na gan shi kuwa da idona, na ce ba komai. Ban ji zafi ba da farko. Abin da na ji ƙara ce, kamar an buga guduma a kwano, sandar ta daki bango ta dawo, injin yana ta kukansa kamar babu abin da ya faru. Na duba tebur na ga garin katako ya yi ja ya dunƙule, na tsaya ina mamakin daga ina fenti ya zubo. Sai da yaron shago ya ƙwalla ihu sannan na kalli hannuna. A asibiti na tambaya ko za a iya mayarwa, mai ɗinkin ya ce da zarto ne da an sami abin ɗauka, wannan kuwa niƙa ya yi. Daga bakinsa na ari zarton da nake faɗa muku, don na ji kunyar a ce kafinta ya aikata abin da yake hana almajiransa.

To ka ga dalilin shekara ukun nan da ka yi kana shara da goge katako ban bar ka ka kunna injin ba. Ka ce na raina ka. Ka ce na fifita ɗan baffanka a kanka. Ranar da za ka tafi ma sai da ka maimaita, a gaban mutane, ka ƙara da abin da ba zan rubuta a takarda ba. Shi ɗan baffan naka matsoraci ne, shi ya sa na sake masa, in ya ji ƙarar inji ta canza sai ya ja da baya. Kai kuwa hannunka ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, kuma ka san da haka, abin da ya tsorata ni ke nan. Ni na haife ka, irin gaggawata na gani a jikinka tun kana rarrafe. Ga shi ba ka yi wata shida da barin idona ba ka je ka tono ainihin ramin da na faɗa, ka tsaya a bakinsa kana dariya ana ɗaukarka hoto. Wa ka tambaya? Wa ya nuna maka? Ko girman kai ne ya hana ka ɗaga waya ka ce, "Baba, ta ina ake turawa?" Da rigarka mai dogon hannu tana lilo a kan tebur, da zobe a yatsa! Wannan ba ƙwarewa ba ce, ganganci ne, kuma ba a wurina ka koya ba.

Na ajiye biro na sha ruwa. Bari in faɗa maka abin da za ka gyara, tunda tebur ya riga ya tsayu.

Shinge ya dawo gaba ya rungumi haƙori, abin da za ka ci da shi kaɗai ya leƙo, saura yana ɓoye a cikin shinge. Ka raba fuskar shingen biyu yadda kowane ɓangare zai matso dab da haƙori, don kada a bar ramin da kan katako zai faɗa. Ramin tebur ma haka, na ga naka ya yi faɗi, hannun yaro zai shige. Ka yanka zobba masu rami daban-daban, kowane haƙori da nasa. Farantin da rauta ke rataye a jiki ya yi daidai da fuskar tebur, ka ɗora rula ka shafa da yatsa, in ka ji tudu ko kwari ka gyara, don nan katako zai yi tuntuɓe a tsakiyar yanka. In kana faɗaɗa kwarmi a cikin katako, a zagaye na biyu shinge baya yake ja, nesa da haƙori. In ka matso da shi gaba, bayan haƙori ne zai ci, ka koma gidan jiya ba ka sani ba. Wannan ya kayar da manya.

Ƙananan katako kuma ka rabu da su. In siririn gefe kake so, ka yi masa ado tun yana jikin faffaɗan katako, sannan ka tsage shi da zarto. In dole ce ta sa, to da katakon turawa mai mariƙi, da matajin katako guda biyu, ɗaya a jikin shinge yana danna aiki ƙasa, ɗaya a kan tebur yana danna shi ga shinge. Tsage-tsagen matajin su kwanta wajen da kake turawa, sai su bar katako ya wuce su hana shi dawowa. Murfi a saman haƙori, mai gani-gani in ka samu. Aiki mai lanƙwasa da ake yi da haƙori mai boris a ka, ba shinge, kada ka kai katako kai tsaye, ka kafa ɗan turke kusa da haƙori ka jingina aikin a jikinsa tukuna ka shigo da shi a hankali. Kuma kada ka ci da yawa a tashi ɗaya. Milimita 3 ya isa, ka ɗaga ka sake. In za ka zagaye katako ta gefe huɗu, fara da kawunan, inda zaren katako ya yanke, tsagewar da za su bari a kusurwa dogayen gefen za su share ta.

Wajen ɗaura haƙori, fulogi a hannunka ko a aljihunka, ba kashe makunni kawai ba. Ka goge mariƙin da ke kama haƙori a bakin rauta, da ƙafar haƙorin, gari ko ɗanko kaɗan ya isa ya sa shi zamewa. Ka tura shi har ƙasa, ka ɗago shi kamar milimita 2 zuwa 3, sannan ka ɗaure noti da sufana, don in ya zauna a ƙasa mariƙi ba ya kama shi da kyau. Kada kuma ka zaro shi da yawa don neman tsawo, kashi uku cikin huɗu na ƙafar ya kasance a ciki. Ka kula da awo, nan ake yaudarar ido: rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba, rubu'in inci kuma 6.35 ne, ba 6 ba. Haƙorin 12 zai shiga mariƙin rabin inci, noti ya ɗauru, ka ɗauka ya kama, sai yana tsakiyar gudu ya fara haurowa. Gudun ma ba ɗaya ba ne. Haƙorin da faɗinsa bai wuce inci 1 ba ya yi cikakken gudu. Mai inci 2 ka sauko wajen 18,000, manyan nan na fuskar ƙofa masu inci 3 da ɗoriya kada su wuce 12,000, in kuwa an rubuta ƙasa da haka a jikin kwalinsu ka bi na kwali. In rautarka ba ta da abin rage gudu, manyan ba naka ba ne, ko kyauta aka ba ka.

Na kuma lura sai ka sunkuya ka laluba ƙarƙashin tebur kafin ka kashe. Ranar da abu ya ƙwace, ba ka da wannan lokacin. Ka fito da makunni waje, babba, inda gwiwarka za ta iya bugunsa, kuma irin wanda in wuta ta ɗauke ta dawo ba ya tashi da kansa. Tabarau, abin toshe kunne, abin rufe hanci, waɗannan ka sani. Ka ga yadda sai an ɗaga murya nake ji yanzu, kuna cewa tsufa ne. Safar hannu kuwa ko kusa, haƙori yana kama zare ya ja yatsa ya bi.

Mahaifiyarka ta leƙo ta ce me nake rubutawa haka har shafi huɗu, na ce lissafin katako ne. Ta ce in tambaye ka ko tarin nan ya sake ka. Ban nuna mata wurin a bidiyon ba, ita teburin kawai ta gani, tana ta nuna wa maƙwabta.

Na fito da matajaina biyu da katakon turawan nan mai baƙin mariƙi, wanda ka sassaƙa harafin sunanka a jiki kana ɗan shekara tara na yi maka faɗa. Na canza masa roba a ƙasa. Ɗan baffanka zai taho maka da su ranar Asabar tare da wannan takarda, kada ka bar shi a tsaye a ƙofa, shi ba ruwansa a maganarmu. In ka gyara, ka sa a sake ɗaukar teburin a turo wa ƙanwarka. Ba sai ka yi magana a ciki ba. A ɗauko shingen daga sama, kusa, yadda zan ga inda haƙori ya leƙo, da inda hannunka yake.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka