Littafin da na tsinta a ƙasan adaka

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mai ɗakinka da amaryata ƙarama.

Shekaranjiya mahaifiyarka tana kakkaɓe adaka ta ci karo da littafin kimiyyata na firamare. Bangon ya tafi, gara ta ci gefe guda, amma hotunan suna nan. Na zauna da shi har aka kira la'asar.

Mu ne 'yan UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, waɗanda aka kwasa aji ɗaya a 1976. Mu huɗu muke haɗa kai a kan littafi ɗaya. Turancin bai shige mu ba, hoton ne ke yi mana bayani. Akwai shafin da aka zana ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta naɗe kanta, ta fito malam-buɗe-littafi. Ban yarda ba sai da na kulle tsutsa a gwangwanin madara, ina saka mata ganye. Ranar da ta fito da fukafukai ko tuwo ban iya ci ba. Wake kuwa na tsirar da shi a jiƙaƙƙiyar auduga, na sha faɗa a kan audugar, don ta kaɗin kakarka ce.

Talabijin ɗaya ce a layinmu, baƙi da fari, ba a buɗe tasha sai yamma. Mukan yi layi a tabarma mu kalli 'yan tsana da zane mai motsi suna koyar da ƙirga. In an ɗauke wuta, ragowar labarin mu muke ƙarasa wa junanmu a waje.

Ka tuna husufin rana na 29 ga Maris, 2006, nan Gusau, da gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki? Bayan mun dawo daga sallar kisfewa ka tambaye ni me ya cinye ranar. Da lemo da ƙwallo da tocila na nuna maka yadda wata ke shiga tsakaninmu da ita. Daga littafin nan na koyo.

Abin da ya sa na rubuto: zuwanku da salla na ga amaryata awa biyu da waya a hannu, zane yana wucewa, ba ta ce uffan ba. Ba na ƙin katun, na ci moriyarsa. Amma ka zauna kusa da ita, ka tsayar, ka ce mata “me kika gani?” Sannan ku fita tsakar gida ku gwada.

Zan aiko da littafin ta hannun ƙanenka. Ka lura, littafin ya ce duniyoyin da ke zagaya rana tara ne. Tun 2006 masana suka fitar da Pluto, saura takwas. Kada ka goge, ka bar ta ta tambayi dalili. Shafi na ƙarshe ya saki, a liƙe shi kafin a ba ta.

Mahaifinka.