Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaba, iyayen ƙungiya, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Ga bayanin abin da muka yi tun daga zaman da aka ɗora mini rubutun ƙungiya. Maganar kuɗi ba ta cikin wannan takarda, ma'aji zai karanto nasa lissafin da bakinsa, kuma na san akwai masu jiransa da tambayoyi.

A farkon shekara mun tsayar da magana ɗaya: bana ba za mu bi taro ba, za mu bi rayuwar yau da kullum. Dalilin kuwa kun san shi. Duk wanda ya buɗe ma'ajiyar hotunanmu zai tarar da dawaki da rawuna da 'yan kwalkwali har sun yi yawa, musamman tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Amma da shugaba ya nemi hoto guda mai kyau na 'yan acaɓa sun yi cincirindo a bakin danja, sai aka yi tsit. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, kuma kafin nan kullum muna cikinsu, hayaƙinsu muke shaƙa, babu wanda ya ga abin ɗauka a cikinsu. Haka tsohuwar Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi. Da yawanmu ta nan muke wucewa safe da yamma, amma hoton da muke da shi na aro ne. A Daidaita Sahu da ke cika mana kunne yau ita ma wata rana labari za ta zama.

Darussan Asabar

Zaman koyarwa ya ci gaba, in ban da watan azumi da muka ɗage shi. Mun fara da abin da kowa ya iya faɗa amma kaɗan ke aikatawa, wato kunna layukan da ke raba allon waya gida tara, a daina dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo. An nuna yadda ake ajiye idon mutum a mahaɗar layuka, a bar masa fili ta ɓangaren da yake kallo ko yake tafiya. Daga nan sai layin sararin sama: ko a ɗaga shi sama a ba ƙasa wuri, ko a saukar da shi a ba gajimare wuri, amma kar ya karkace. Hotunan da suka zo mana a karkace a watannin farko, da ruwa ne a cikinsu da ya zube.

Ni a ganina darasin da ya fi amfani shi ne na duba gefe-gefe kafin a danna. Idon mutum yana zaɓen abin da yake so ya manta da sauran, ita kuwa kyamara ba ta da kara, duk abin da ke gabanta sai ta kwaso. Shi ya sa za ka ɗauki dattijo mai kwarjini, ka koma gida ka tarar falwayar wuta ta tsiro daga tsakiyar hularsa, ga ledar fiya wata a gefen ƙafarsa. Maganin ba ya wurin gyaran hoto. Taku ɗaya ne zuwa dama ko hagu, ko ka durƙusa. Wani babban yayanmu da ya yi zamanin fim da ɗakin duhu ya sa matasa wani horo da suka yi ta gunaguni a kansa: kowa ya fita yini guda, hoto 36 kacal aka yarda ya ɗauka, adadin da ke cikin nadin fim ɗaya, kuma ba a goge ko ɗaya. Waɗanda suka saba dannawa ɗari-ɗari sun sha wuya. Amma hotunan da suka dawo da su ranar sun fi na duk watan da ya gabata.

An kuma yi bayani a kan idon kyamarar waya, wanda yake da faɗi. In ka matsa dab da fuskar mutum sai hanci ya kumbura kunnuwa su ja baya. A ja da baya kaɗan. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyinmu, yanka hoton kawai yake yi yana buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Takawa da ƙafa a matsa ita ce ta fi.

Haske, da abin da yanayi ya koya mana

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi samun canji a aikin mambobi. Matsalarmu ta kullum ita ce baƙar fata cikin farar riga a tsakiyar rana. Kyamara tana ganin farin shadda sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta koma duhu, ga inuwar hula ta rufe idanu. In ka ƙara haske don fuska, aikin da ke wuyan rigar ya ɓace. Abin da muka koya shi ne a taɓa fuskar a allo a riƙe har hasken ya tsaya a kanta, sannan, wanda ya fi wannan, a janye mutumin daga rana gaba ɗaya. Bakin zaure shi ne ɗakin hoton da kakanninmu suka gina mana ba tare da sun sani ba: haske na shigowa ta gefe ɗaya a tausashe, bayan mutum kuma duhu ne, babu abin da zai raba hankalin mai kallo. Ƙofar kanta sai ta zama firam. Hotunan fuska mafi kyau da aka kawo bana kusan duk a bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa aka ɗauke su.

Lokacin hunturu mun hau Dala da sassafe. Wasu sun so a fasa saboda hazo, wai ba a ganin gari. Ai hazon shi ne hoton. Rufin gidajen da ke kusa ya fito da duhu, na bayansu ya ɗan dushe, Goron Dutse kuma can kamar zanen toka, hawa-hawa, abin da ba za ka taɓa samu ba ranar da gari ya washe. Sai dai mun biya kuɗin makaranta: wani ƙaninmu ya canza gilashin kyamararsa a kan dutsen iska na kaɗawa, ƙura ta shiga ciki, duk hoton da ya ɗauka bayan nan da ɗigo-ɗigo a sararin sama. Don Allah in za a canza, a shiga mota ko a juya wa iska baya.

Da damina ta sauka sai aikin ya koma na masu haƙuri. Hadari yana tasowa daga gabas, in kuma da la'asar ne rana tana yamma, sai ka samu jan bango yana walƙiya a gaban baƙin gajimare. Minti kaɗan ne, in ka tsaya neman murfin kyamara ya wuce. Bayan ruwa kuma kududdufai sun zama madubi. Wata ƙanwarmu ta kwantar da wayarta dab da ruwa ta ɗauki ɗan garuwa yana tura kura, shi da inuwarsa ƙafa da ƙafa. Wayar ba ta kai rabin kuɗin gilashin wasu daga cikinmu ba. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa sai sun sayi babbar kyamara za su fara zuwa fita.

Fitar da muka yi

Mun je marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Gaskiya wurin ya sha hoto, kuma kusan kowa iri ɗaya yake ɗauka: a tsaye, daga nesa, ramuka jere. Sai muka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya ya zauna a kansa. Wani ya bi hannuwan marini da baba ya rina har gwiwa, wani ya tsaya kan kumfar da ke bakin rami, wani ya bi zane lokacin da aka fito da shi yana kore-kore kafin iska ta mayar da shi shuɗi. Wanda ya shiga wajen masu bugu ya rage saurin ƙiftawar kyamara zuwa kusan 1/30 na daƙiƙa, sai sandunan suka zama kamar hayaƙi, fuskokin kuma suna tsaye. Akasin haka ake yi wa doki a sukuwa, inda sai an kai 1/1000 kafin ƙafafu su tsaya cak.

Kasuwar Kurmi ta ba mu wahala ta wata fuskar. Lunguna ne matsattsu, haske na zubowa ta tsakanin rumfuna kamar igiya, kuma kaya sun yi yawa, ko'ina ka juya akwai abin kallo. A nan aka gane amfanin jira. Ka samu inda haske ya faɗo, ka gyara tsayuwarka, ka bar lungun ya ja ido zuwa ciki, sannan ka jira wanda zai shigo cikin hasken. Kasuwar da ta ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ba za ta rasa mai wucewa ba.

Fitar Dawanau ba ta yiwu ba saboda mota. Ta Gidan Makama an yi, amma mutum kaɗan ne suka zo, ba zan ɓoye ba.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda ba fita aka yi ba. Mun ce kowa ya ɗauki abin da ke tsakanin ƙofar gidansa da masallacin unguwa, na tsawon wata guda. Da farko an raina shi. Sai ga teburin mai shayi da asuba, tururi ya tsaya a gaban fitila. Ga mai yankan farce, ga layin jarkoki a bakin famfo, ga allunan makarantar allo an jingina su a bango bayan an tashi, ga mai ƙosai gab da shan ruwa hannuwa sun yi mata rumfa. Abin da ya sa suka fi na kasuwa kyau ba ɓoyayye ba ne. Mutanen sun san mai ɗaukar, sun daina gyara zama in sun gan shi, shi kuma ya san ƙarfe nawa rana ke faɗowa kan wane bango.

Maganar izini

Dole in kawo abin da ya faru a wata kasuwa, inda ɗaya daga cikinmu ya ɗauki wata baiwar Allah ba tare da ya yi mata magana ba. Mutane suka taru, sai da dattawan wurin suka sa baki, aka goge hoton a gabanta, aka ba da haƙuri. Laifin namu ne. Tun daga ranar muka tsayar da ƙa'ida: sallama kafin kyamara. In an shiga kasuwa a fara gaida sarkin kasuwa ko shugaban layi. Mata ba a ɗaukarsu sai da yardarsu, yara sai da ta iyaye ko malaminsu. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa ba ma sai an faɗa ba.

An yi doguwar muhawara a kan hoton almajirai. Wasu na ganin ɓoye su ƙarya ce, tunda suna cikin garin. Wasu na ganin an mayar da kwanon bara da yagaggiyar riga abin neman yabo a intanet. Ba mu rabu da matsaya ɗaya ba. Nawa ra'ayin, in ba za ka iya nuna wa yaron hoton nan da shekara ashirin ba tare da ka sunkuyar da kai ba, bar shi a memori. Abin da aka amince da shi dai shi ne duk wanda muka ɗauka a bakin sana'arsa, a wanke kwafi ɗaya a kai masa. Mun fara da marina, kuma yadda aka karɓe mu a komawa ta biyu ya bambanta da ta farko nesa ba kusa ba.

Baje koli da abin da ya rage

Baje kolin ƙarshen shekara ya yiwu, amma da ƙyar. Shagon da muka fara kai wa wanki ya mayar da shuɗin baba ruwan hoda, dole aka sake a wani wuri. Wani ɓangare na laifin kuma namu ne, domin da yawa sun turo hotuna ta WhatsApp kai tsaye, shi kuwa matse hoto yake yi. A waya ba a gani, sai an buga a babbar takarda. Daga yanzu a turo a matsayin fayil, kuma a daina yanka komai a tsaye don ya dace da status. Hoton bango faɗi yake so.

Abubuwan da za a yanke a zama mai zuwa: inda za a ajiye hotunan ƙungiya wuri biyu, tunda na'urar da muke tarawa a ciki ɗaya ce tilo kuma ta fara ƙara, rubuta wuri da rana da sana'ar wanda ke cikin kowane hoto, wanda har yanzu rabinmu ba ma yi, sannan shawarar bin abin da ya saura na badala da gidajen ƙasa masu zankwaye, unguwa-unguwa, kafin bulo ya cinye su. 'Yan uwa mata sun nemi a ware musu tasu fitar don shiga cikin gidaje, wajen masu saƙa da ɗinkin hula da dakan fura, inda mu maza ba mu da hanya. Shugaba ya amince, saura a sa rana.

Wanda ya karɓi ƙafar da ake ɗora kyamarar ƙungiya a kai tun kafin Babbar Sallah, don Allah ya zo da ita.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya